Ƙoƙon da Bature Ya Kife

Duk wanda ya tashi a unguwannin Maguzawan da ke bayan Ba'awa, a ƙasar Kiru, ya san sunan Mainasara ko da bai riske shi da rai ba. Har yau in yaro ya cika zafin rai, tsofaffi kan ce da shi, "Sannu, jikan Mainasara." Manomi ne, gajere mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ana faskare. Ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka rigima yake nema. Shi ne autan uwarsa, wadda kowa ke kira Inna, kuma maza biyu ne kaɗai suka rayu a ɗakinta, shi da wansa Bature. Wan nasa baƙi ne wuluk. An ba shi sunan ne kawai don ranar da aka haife shi wani Baturen haraji ya ratsa unguwar.

Da ubansu ya mutu, Bature ne ya riƙe gandu, ya kuma riƙe tsafin gidan, wata tsohuwar tukunya da aka girke a gindin tsamiya bayan danga, inda ake yanka jan zakara kafin shuka. Akwai kuma ƙoƙon giyar uban, wanda ya yi baƙi don tsufa, har an ɗinke bakinsa da zare. In an tashi daga gona, a cikinsa 'yan'uwan biyu ke sha, wannan ya kurɓa ya miƙa wa wancan.

Bature in ya sha barci yake yi. Mainasara in ya sha, sai unguwa ta san an sha. Ya taɓa zuwa kasuwar Bebeji da akuya biyu ya dawo da igiya kaɗai. Matarsa Hasana kuwa ba ta dariya sai ta rufe baki da hannu, don haƙorinta na gaba ya tafi tun wata rana da ta tambaye shi ina hatsin tuwo.

A shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyu fartanya ta sare shi a ƙauri, ciwon ya zama gyambo. An yi na gargajiya har an gaji, ƙafa sai wari take ƙarawa, sannan aka ɗora shi a jaki aka kai shi wani asibitin mishan can wajen Tudun Wada. A nan kullum da safe wani siririn mutum mai sanyin magana, Malam Maikano, Bamagujen ƙasar Doguwa da ya yi karatu a hannun 'yan mishan, yake zuwa ya karanta wa majinyata Littafi Mai Tsarki. Mainasara juya masa baya yake yi. Zancen tawali'u da juya kumatu ba abincinsa ba ne. Sai ranar da aka karanta inda Yesu ya shiga ɗakin Allah ya tarar an mai da shi kasuwa, ya tufka bulala ya kori 'yan ciniki, ya birkice musu kaya. Nan Mainasara ya tashi zaune.

Ya ce, "Malam, sake karanta wurin nan. Da bulala ka ce?"

Maikano ya sake.

Mainasara ya ce, "To, wannan mutumin nawa ne."

Ta wannan ƙofa ya shiga, kuma a faɗi gaskiya, ya shiga da ƙafa biyu. Ya dawo gida da ƙafa lafiya, ya bar giya bari na har abada, ko warinta ba ya tsayawa ya shaƙa. Hasana ta bi shi ba tare da an yi mata wa'azi ba. Ta ce duk hanyar da ta ƙwace sanda daga hannun mijinta, ita ma ta nan za ta. Ba da daɗewa ba aka turo Malam Maikano unguwar, aka kafa masa 'yar majami'a ta jinka, masu bi ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Amma giyar ce ta fita, zafin ran yana nan inda yake, sai ma ya sami sabuwar riga. Ba wanda ya aike shi, Maikano bai ce masa ya yi ba. Wata rana da hantsi, ana gab da shuka, ya ɗauki taɓarya ya nufi gindin tsamiya ya rotsa tukunyar nan, yana ihu yana cewa yau Shaiɗan ya tashi daga gidan ubansa. Inna tana zaune a wurin tana ɓarar gyaɗar iri. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi tsingaron da ya watse, ta ce, "Auta, hannun ubanka ne ya girka ta." Ta tattara gyaɗarta ta shiga ɗaki.

Da damina ta yi tsakiya Inna ta kwanta. Tsufa ne da zazzaɓin damina, amma je ka faɗa wa Bature haka. Shi a wurinsa magana a fili take, an fasa tukunya, tukunya ta nemi fansa. Lokacin Mainasara ya riga ya koma wata bukka a ƙetaren rafi, don zaman gidan ya gagara. Da ya ji ciwon ya yi tsanani ya rugo, ya tarar da wansa tsaye a bakin zaure da gatari a kafaɗa.

Ya ce, "Yaya, ba ni hanya in ga Inna."

Bature ya ce, "Ka zo ka ƙarasa ta ne?"

"Uwata ce kamar yadda take uwarka!"

"Da uwarka ce, da ba ka ɗaga taɓarya a gabanta ba. Ka taka zauren nan, yau a haƙa rami biyu."

Mutane suka riƙe Mainasara, suka ja shi yana zagi, yana manta cewa shi mai bi ne. Ya sake zuwa, ya sake zuwa, kullum gatarin nan yana bakin zaure. Yana cikin gonarsa yana maimai ya ji kukan mata ya tashi daga gidansu, ya san ta ƙare. Ko ƙasar kabarinta ba a bari ya taɓa ba.

Bayan an binne ta, Bature ya fito da ƙoƙon ubansu a gaban jama'a, ya cika shi, ya tsiyayar a ƙasa, ya kife shi a kan dakali. A al'adar gidajen nan, wannan ya fi zagi, ya fi duka. In an kife ƙoƙo tsakanin 'yan'uwa, ba gaisuwa, ba ɗibar wuta, ba zuwa biki ko makoki, kuma duk mai zuwa gayyar ɗaya ba ya zuwa ta ɗayan. Ba abin da ke warware shi, ba roƙo, ba kyauta, sai su biyun sun sake shan giya a cikin wannan ƙoƙon a idon mutane.

Aka raba gandu. Mainasara ya sami gefen da ya fi tsakuwa. Ya kira gayya ba wanda ya zo, dama wa zai zo gayyar da ba giya? Shi da Hasana suka duƙufa su kaɗai, damina biyu, yana noma yana cizon haƙora, har maƙwabtansu Musulmi na cikin Ba'awa in sun wuce sukan ce, "Sannu da aiki, amma ƙasar ba ta yi maka laifi ba."

A majami'a ba wanda ya kai shi himma. Shi ne farkon zuwa, shi ke gyaran jinka, shi ke jan waƙa da muryar da ke korar tsuntsaye. Sai dai akwai wani abu da kowa ya lura da shi. In an tashi addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, Mainasara yakan bi ta tiryan-tiryan, a tsarkake suna, a ba mu abincin yau, har a zo wurin da ake cewa a gafarta mana laifinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Nan take tari ke sarƙe shi. Ba ya sakin sa sai an wuce wurin, sannan ya dawo garau a kan "kada ka kai mu ga jaraba". Kowace Lahadi haka. Tun ana dariya a ɓoye har aka saba. Shi kuwa ba wasa yake yi ba. Maƙaryaci ne kaɗai bai iya zama ba, kuma ya gane sarai cewa in ya faɗi wannan magana, ya roƙi Allah ne ya yi masa irin yadda yake yi wa Bature. Wa zai roƙa wa kansa wannan?

A kakar alif ɗari tara da hamsin da biyar aka sanar cewa bayan Kirsimeti za a yi baftisma ta farko a rafin unguwar, kuma sunan Mainasara ne a gaba. Ba abin da yake so a duniya kamar wannan. Ya rasa gida, ya rasa gandu, ya rasa ganin uwarsa, to aƙalla a tsoma shi a ruwan nan a gaban waɗanda suka yi masa dariya, ya san bai yi asarar banza ba.

Ranar godiyar kaka kowa ya kawo abin da ya samu. Mainasara ya zaɓi zangarniyar dawa kaura mafi kyau, ya ɗaura dami wanda sai da ya tanƙwara masa wuya, ya taho yana taku ɗai-ɗai don a gani. A bakin ƙofa Malam Maikano ya tare shi, Littafi a buɗe.

Ya ce, "Mainasara, sauke a nan tukuna. Akwai abin da na daɗe ina jin tsoron karanta maka."

Ya karanta masa inda aka ce in ka kawo baikonka, wato sadakarka, gaban Allah, ka tuna ɗan'uwanka yana riƙe da kai a zuciya, ka ajiye baikon nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa.

Mainasara ya jefar da damin har ƙura ta tashi. Ya ce, "Ni zan je? Ni aka hana ganin uwata! Ni aka ɗaga wa gatari! Ku je ku karanta wa shi!"

Maikano ya ce, "Shi bai ce yana bin Littafin ba. Kai ka ce. Kuma ba a ce in kana riƙe da shi ba, cewa aka yi in yana riƙe da kai. Ko ba ya riƙe da kai?"

Mainasara ya kau da kai. Tukunyar nan ta faɗo masa a rai, da fuskar Inna tana duban tsingaro. Ya juya ya tafi ba sallama. Damin ya zauna a bakin ƙofar majami'a, ba mai ikon shigar da shi, ba mai ƙarfin halin ɗaukewa, kaji da awaki suka samu sadaka.

Sai da damin ya kusa zama kara sannan Mainasara ya je wurin wansa. Ya tarar da abin da bai zata ba. Bature ya zube, ciki ya kumbura, ƙafafu sun yi suntum, idanu sun yi rawaya. Yana kishingiɗe a zaure, ƙoƙon nan yana kife a kan dakali inda ya bar shi, ƙura ta lulluɓe shi.

Mainasara ya tsaya daga waje, ya ce, "Yaya, na zo. Tukunyar nan, ban kyauta ba. Ka yi haƙuri." Kalmomin suka fito kamar ana cire masa ƙaya.

Bature bai dube shi ba. Ya ce da bango, "A gaya wa mutumin da ke waje, ba a warware ƙoƙo da baki. Ran kasuwar Kiru mai zuwa za a yi giyar tunawa da Inna. In ɗan ubana ne, ya san abin da ake yi."

Mainasara ya koma wurin Maikano ya faɗa masa. Malamin ya sunkuyar da kai, don shi ma ɗan gida ne, ya san ƙoƙo sarai. Sannan ya ce dokar ikilisiya, wato jama'ar masu bi, a fili take, duk mai bin da ya kai giya bakinsa, ko kurɓi ɗaya, za a sa shi horo shekara guda, ya zauna a waje, ba baftisma. Ba shi ya kafa dokar ba, kuma ba shi da ikon ɗage ta. Ya ce a roƙi Bature a zuba kunu a ƙoƙon.

Aka kai wa Bature saƙo. Ya ce kunu na jarirai ne da masu jego, ubansu bai san shi a ƙoƙonsa ba.

To, a nan ne Mainasara ya fashe. Ya tsaya a filin majami'a yana ɗaga murya har ana jin sa a ƙetaren rafi. "Kai ka tare ni a ƙofa! Kai ka buɗe Littafi ka ce in je in shirya da ɗan'uwana! Na haɗiye zuciyata na je, yanzu kuma ka ce hanyar da ake shiryawa haramun ce? Nuna mini inda aka rubuta! Na shiryawar ka nuna mini da yatsa, to nuna mini na kurɓi ɗaya!"

Maikano ya ce an rubuta kada a bugu, kuma dattawan ikilisiya sun ga abin da giya ta yi wa mutanenmu, shi ya sa suka toshe ƙofar gaba ɗaya.

Mainasara ya ce, "Dattawan nan suna da wa mai kumburin ciki?"

Ni ma da nake ba da labarin nan, in na zo wurin sai raina ya ɓaci. An ɗora wa mutum kaya biyu masu jan juna, an koma gefe ana kallon wanda zai yar. Amma kada a yi saurin zagin dokar, don akwai wadda ta fi kowa sanin amfaninta. Da Mainasara ya isa gida Hasana tana tankaɗe, ta riga ta ji komai. Ta ajiye rariya, ta ɗaga leɓenta da yatsa ta nuna masa gibin nan.

Ta ce, "Maigida, dubi nan. Ni ba horon nake tsoro ba, su sa ka shekara goma. Kai nake tsoro. Na san ka da ƙoƙo a hannu. Ba ka taɓa kurɓa ɗaya ka ajiye ba tun da nake da kai."

Wannan ta fi ta Maikano zafi. Gaba kura, baya sayaki.

Washegari ya tafi gona, ba don akwai aiki ba, an riga an yi girbi. Ya tsaya a tsakiyar kara da rana tsaka ya yi addu'a irin tasa, wadda in ka ji daga nesa sai ka ce ana rabon gado. "Ya Ubangiji, kai ka ga abin da ake yi mini! Na bar giya dominka, yau kuma dominka za a ce in sha? Na fasa tukunya na ce aikinka nake yi, ashe ba ka aike ni ba, to me ya sa ba ka riƙe mini hannu ba? Ka bar uwata ta mutu ban gan ta ba. Ban yafe ba, ka ji na faɗa, ban yafe ba! In na je na sha, ruwan rafi ya wuce ni. In na ƙi, mutumin nan zai mutu da ƙoƙo a kife, kai kuma ka ƙi karɓar damin da na kawo. To faɗa mini wanda kake so!" Ba a amsa masa daga sama ba. Iska dai ta kaɗa kara. Amma da ya gaji da ihu ya zauna a kan kunya, abu ɗaya ya tsaya masa a rai ya ƙi tafiya: rafi yana nan baɗi, Bature kuwa ba zai ga baɗi ba.

Ran kasuwar Kiru da la'asar gidan ya cika. An jera tuluna a inuwar tsamiya, makaɗa suna gefe, dangi daga Bebeji har Doguwa. Da Mainasara ya shigo, ido ya koma kansa. Hasana tana biye da shi, ta tsaya a bakin danga ta harɗe hannuwa. Aka tallafo Bature aka zaunar da shi a kan turmi. Ya sa aka ɗauko ƙoƙon, ya share ƙurar da gefen rigarsa, aka cika shi. Ya kurɓa, ya miƙa.

Warin ya bugi Mainasara, jikinsa duka ya tuna. Yawu ya cika masa baki, ya ji haushin kansa kamar ya mari kansa. Ya rufe ido ya kurɓa sau ɗaya, ya haɗiye. Maƙogwaronsa ya ce a ƙara. Ya cire ƙoƙon daga bakinsa da ƙyar kamar mai ɓamɓare kaska. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka ɗauka.

Bai kai ga ajiye ƙoƙon ba Bature ya kama masa hannun riga ya jawo shi kusa. Ya ce, "Auta, tun da ka sha, akwai abin da ba zan tafi da shi ba. Inna ta yi ta kiran ka. Tun da ta kwanta ba sunan da take kira sai naka. Kullum sai ta ce ina Auta, an gaya masa kuwa?" Ya numfasa. "Ni kuma na ce mata an gaya maka, ka ce ba ka zuwa. Na ce ka ce kai yanzu ba ka da uwa a gidan arna."

Kiɗan yana tashi, amma Mainasara ya daina jin sa. Ya ce, "Ta yarda?"

Bature ya ce, "Ta juya fuska bango. Ba ta sake tambaya ba."

Duk abin da ya daɗe yana fama ya yafe, ashe ƙaramin ne. Uwarsa ta tafi kabari da yaƙinin autanta ya ƙi ta, alhali yana bakin zaure ana riƙe da shi yana ihu. Kuma an bari sai da ya sha, sai da ya sayar da baftismarsa, sannan aka gaya masa. Ya miƙe tsaye da ƙoƙon a hannu. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ga dutsen niƙa nan kusa da ƙafarsa, kuma duk wanda ke wurin ya san hannun nan ya taɓa rotsa abin da uba ya bari. Makaɗa suka tsaya da kansu. Hasana ta rufe baki da hannu biyu.

Ya daɗe a tsaye. Yana duban ƙoƙon, da zaren da ubansu ya ɗinke shi da shi, da ragowar giyar da ke ciki. Sannan ya sunkuya ya ajiye shi a kan dakali, bakinsa a sama.

Ya ce, "Yaya, kai mugu ne." Muryarsa ta karye. "Mugu ne kai, Allah ya sani. Gobe zan zo in gyara maka jinkar ɗakinka, na ga ta ruɓe."

Ya fita bai waiwaya ba. Hasana ta bi shi a baya har gida tana kallon ƙafafunsa, ko za su karkata wajen masu tuluna. Ba su karkata ba, ranar ko wata rana bayanta.

Labari ya riga shi isa majami'a. Ran Lahadi Malam Maikano ya tsaya gaban jama'a ya sanar da horon, idonsa a ƙasa, muryarsa kamar shi ake yi wa. Mainasara bai yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya ce, "Na sha. Kurɓi ɗaya ne, amma na sha." Ya ɗauki ɗan kututturen da yake zama a kai ya fita da shi, ya ajiye a bakin ƙofa kusa da abin da awaki suka rage na daminsa. Kafin ya zauna ya tattara 'yan zangarniyar da suka tsira, ba su fi cikin hannu ba, ya miƙa ta ƙofa. Maikano ya karɓa da hannu biyu ya kai gaba.

Aka tashi addu'a. Aka tsarkake suna, aka roƙi abincin yau. Da aka zo wurin nan, jama'a suka ɗan sassauta murya kamar yadda suka saba, don a ba tari hanya. Tari bai zo ba. Sai murya ta taso daga waje, a fusace, kowace kalma kamar ana sara ta da gatari: "Ka gafarta mana laifinmu, kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi!" Ba wanda ya iya ci gaba. Maikano da kansa sai da ya share ido kafin ya kamo inda aka tsaya.

Bayan Kirsimeti aka tsoma mutane a rafi, har da Hasana. Mainasara yana kan gaɓa yana riƙe mata da zane. Bature bai kai shuka ba. Ƙanensa ne ya yi jinyarsa, yana juya shi yana yi masa faɗa, shi ya haƙa kabarin, kusa da na Inna, wanda sai a ranar ya fara ganin sa. An yi wa Mainasara tasa baftismar a shekara ta gaba, kuma waɗanda suka gani sun ce ko a cikin ruwan fuskarsa a ɗaure take.

Ya rayu ya tsufa, ya zama dattijon ikilisiyar, mai faɗa har ƙarshe. Bai taɓa faɗin wannan wuri na addu'ar da sanyin murya ba, kullum da ƙarfi, kullum kamar mai ɗaga dami. Wata rana suna zaune a ƙofar gida suna ɓarar gyaɗa, shekaru bayan an binne Bature, Hasana ta ce, "Maigida, wai don Allah ka yafe masa kuwa?"

Mainasara ya jefa ɓawo gefe. Ya ce, "Na yau na yafe. Da safe in na farka na tuna ta juya fuska bango, sai in tarar ya sake tsirowa. Gobe ma sai na sake nomewa."